Daga Zauren Liman: Yinin da Na Yi a Birnin Tamale

A watan jiya wani dattijo ya aiko mini da wasiƙa, yana kukan cewa ɗansa da ya tura karatu ƙasar waje ya je kallon wasan kwaikwayo, ya kuma yini yana zagaya gari. Yana tambaya ko ya kamata ya maido shi gida tun kafin ya lalace. Baba, kafin ka yanke hukunci, ka yi haƙuri ka saurari labarin wani yini da ni kaina na yi.

A shekarar 2015 ina karatun aikin gona a Nyankpala, kusa da Tamale, a reshen Jami'ar Nazarin Ci Gaba da gwamnatin Gana ta kafa a 1992. Ranar da zan bar gida, mahaifina liman ya yi mini wasiyya guda uku: in kiyaye salla, in riƙe karatu, kada kuma in zauna wurin da zan ji kunya ya same ni a ciki. Saboda tsoron saɓa wannan, na yi wata shida ban san ko'ina ba sai aji da masallaci da ɗakin kwana. Wata Asabar wani abokina ɗan ƙabilar Dagomba ya ce mini, "Malam, kana zaune cikinmu amma ba ka san mu ba. Tashi mu shiga gari."

Mun karya da koko da ƙosai, muka shiga mota zuwa Tamale. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne yawan kekuna da babura, har da mata masu goyo suna tuƙa kansu zuwa kasuwa. A kasuwar na ga man kaɗanya jibge cikin ƙore, da doya, da rigunan saƙi irin waɗanda Dagomba ke sawa ranar biki. Na kuma lura cewa abincin da suka fi so sunan Hausa yake ɗauke da shi, domin tuwonsu "tuwon zafi" ake kiransa, shinkafa da wake kuwa "waace".

Daga nan muka shiga Zango, inda na tarar da dukawa suna ɗinka takalma da jakunkuna suna hira da Hausa. Wani tsoho ya tambaye ni garinmu, da na faɗa masa sai ya ce, "Ɗana, kakana ma daga can wajenku ya taso, goro ya kawo shi." Ya ba ni labarin fataken da suke kora jakai daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, da kuma Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Karaci a 1934. Na karanta wannan tarihi a makaranta, amma sai ranar na san cewa jikokin fataken suna nan da ransu.

Muka yi azahar da la'asar a babban masallacin gari, sannan muka nufi Cibiyar Al'adu, inda wasu matasa za su yi wasa. Zuciyata tana ɗar-ɗar, ina tuna wasiyya ta uku. Makaɗan da ake kira lunsi ne suka buɗe taro da gangunansu masu kama da kalangu. Abokina ya ce su ne ma'ajiyar tarihin Dagomba, suna haddace sunayen sarakunan da suka yi mulki har zuwa Ya-Na da ke zaune a Yendi.

Wasan da harshen Dagbani aka yi shi, abokina yana raɗa mini fassara. Labarin wani manomi ne da damina ta ƙi masa, ya fitar da ƴarsa daga makaranta, ya bar ta ta bi ƙawayenta zuwa Ankara domin dakon kaya a kasuwa. Irin waɗannan ƴan mata ana ce musu kayayei, kuma rabin sunan daga kalmarmu ta "kaya" ya fito. Yarinyar ta riƙa kwana a bakin rumfa, tana aiko da ɗan abin da ta samu, uban yana fahariya a majalisa. Da ta dawo da ciwo, ba kuɗi ba karatu, sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Wurin ya yi tsit, na ga wata tsohuwa kusa da ni tana share hawaye da gyalenta.

Ni kuwa ƴar kawuna ce ta faɗo mini a rai, domin a lokacin ana maganar a cire ta daga aji shida a ɗora mata talla. Na ji zancen tun ina gida, ban ce uffan ba, don ina ganin ba ruwana.

Da na zo hutu, na kwashe labarin yinin nan na faɗa wa mahaifina, ina jiran faɗa. Tambaya uku ya yi mini: ko salla ta wuce ni, ko an yi batsa a wurin, da kuma abin da na ƙaru da shi. Da na amsa, sai ya yi shiru, can ya ce, "Je ka ba kawunka wannan labari kamar yadda ka ba ni." Na je na ba shi. Bai ce kome ba a daren, amma yarinyar ta ci gaba da karatunta har ta gama sakandare.

Saboda haka, Baba mai wasiƙa, shawarata ita ce ka yi wa ɗanka waɗannan tambayoyi uku. Akwai wuraren wasa da bai dace Musulmi ya taka ba, kuma ɗan da ya ɓoye inda ya je shi ne abin tsoro. Naka da kansa ya faɗa maka. In amsarsa ta gamsar da kai, ka sa masa albarka, ka ce ya riƙa rubuto maka abin da ya gani, domin tafiya mabuɗin ilimi ce.

Allah ya shirya mana zuriya, ya maido da ɗalibanmu gida lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.