Kowa Sai Mayar da Hankali, To Wa Zai Duƙufa?

Ku kunna rediyo lokacin labaran dare, ko ku buɗe kowane shafin labarai na Hausa a waya, ku ji yadda "mayar da hankali" ke zuba babu ƙaƙƙautawa. Gwamna zai mayar da hankali kan ilimi. Mai horar da 'yan ƙwallo zai mayar da hankali kan wasan Asabar. Taron ministoci ya mayar da hankali kan tsaro. Har taro, wanda ba shi da kai balle hankali, yanzu ya iya mayar da shi. Ni malamin Hausa ne a sakandare, kuma abin da aka faɗa a rediyo da dare shi nake tararwa a insha'in ɗalibaina da safe. Shi ya sa abin yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Ba cewa nake yi maganar ba Hausa ba ce. Hausa ce, kuma tsohuwa. Amma tana da muhallinta. Yaron da idonsa ke kan allo, zuciyarsa tana filin ƙwallo, shi malam ke ce wa ya mai da hankali, wato ya dawo da shi daga yawo. Wani zai ce ai "mai da" tana nufin juyawa ma, kamar yadda ake mai da fuska gabas. Na yarda. To amma juya fuska gabas ba shi ne salla ba, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Ku je shagon mai ɗinkin hannu a Zariya cikin goman ƙarshe na azumi. Babbar riga tana shimfiɗe a cinyarsa, an zana aska takwas a ƙirjinta, allura na shiga tana fita, wuyansa a sunkuye tun bayan sahur. Ka yi sallama, sai ya amsa ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, bari in kai ƙarshen layin nan." Babu Bahaushen da zai ga wannan ya ce mutumin ya mayar da hankali. Cewa zai yi ya duƙufa. A cikin duƙufa akwai sunkuyawar jiki, akwai daɗewa, akwai barin wasu abubuwa saboda abu ɗaya. Kuma in an ce mutum ya duƙufa, gobe kana da ikon ka ce a nuna maka rigar.

Natsuwa daban ce. Ita ba ta neman sunkuyawa, tsayawa take nema. Liman kan ce a daidaita sahu a natsu, alaramma kan ce wa mai hadda ya natsu kafin ya kawo tilawa, don wanda ya yi gaggawa a ayoyin da suka yi kama da juna sai ya tsinci kansa a wata surar. Ɗalibin da ya shiga ɗakin jarrabawa tunaninsa a warwatse, wannan kuwa tattara hankali zai yi, tun da abin da ya watse ake tattarawa. Mai sauraro ya kasa kunne, mai tsaron shago ya sa ido, mai jiran tsammani ya zuba ido. Kuma ko a nan akwai tarko, domin in aka ce maƙwabciya ta sa wa amarya ido, ba yabonta aka yi ba.

Wanda na fi jin takaicin ɓacewarsa shi ne shagala. Daga nesa, wanda ya shagala da wanda ya duƙufa kamarsu ɗaya: kai a ƙasa, ba sa jin kira. Amma Hausa ta raba su, ta kuma yanke hukunci a cikin rabawar. Yarinyar da aka aika kai niƙa ta tsaya kallon masu wasa da kura, ta shagala. Saurayin da ya kwana yana murza waya har aka kira assalatu, ya shagala, wayar ta ɗauke masa hankali. Ku lura da "ɗauke": ba shi ya bayar ba, ƙwacewa aka yi. Kwanan baya wani ɗalibina ya rubuta cewa matasa sun mayar da hankali kan TikTok. Na ja layi da jan biro, na tambaye shi ko yabonsu yake yi. Ya ce a'a, Malam, zargi ne. Na ce to jimlarka ba ta san haka ba.

Duk wannan dukiya a rubuce take. Ƙamusun Bargery ya fito tun 1934, na Abraham a 1949, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da nata na Hausa zalla a 2006. Ko babu ƙamus, uwar da ke cewa "kai, shiga hankalinka" da tsohuwar da ke cewa "kwantar da hankalinki, 'yar nan" ba su taɓa rikita ɗaya da ɗaya ba. Hankali a bakinsu yana tashi, yana kwanciya, yana rabuwa biyu, ana jan sa, in abu ya yi tsanani ya gushe.

Na san uzurin ma'aikatan ɗakin labarai, kuma ba na raina shi. Labari ya zo da Turanci, saura minti kaɗan a shiga iska, kalma ɗaya ta Turanci ta saba da abokiyarta ɗaya ta Hausa, sai hannu ya rubuta kafin kai ya yi tunani. Yanzu ga manhajojin fassara sun zo suna maimaita abin da suka tsinta a wurinmu. Amma gaggawa ba yau ta fara ba. Abubakar Imam da ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, labaran Yaƙin Duniya na Biyu ta hanyar Turawa suke iso masa, duk da haka ana karanta jaridar a zaure, har wanda bai taɓa shiga aji ba ma ya gane. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957 kuwa, rediyo ta zama makarantar harshe ga miliyoyin mutane, daga Kano har Damagaram. Abin da ta maimaita shi ke zama daidai a kunnen yara.

Akwai kuma wanda wannan lalaci ke yi wa rana, wato ɗan siyasa. "Za mu mayar da hankali kan ruwan sha" magana ce da ba a iya kama mutum da ita. Bayan shekara huɗu, in famfo bai kawo ruwa ba, sai ya ce ai hankalin yana wurin. Da an rubuta cewa zai duƙufa, da mun nemi ganin bututu. Da an ce zai sa ido kan 'yan kwangila, da mun tambayi wa aka kama.

Don haka roƙona ga editoci: kafin ku bar jimlar nan ta wuce, ku tambayi mai rahoto abin da mutumin ya yi a zahiri. In ya fara aiki, a ce ya fara. In ya tattauna, a ce ya tattauna. In kuwa babu komai sai magana, a rubuta cewa ya yi alkawari, mu san abin da za mu bi shi bashi.