A Ba da Manhaja Kyauta, a Tsare Sunanta

Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, tana yaye matasa masu rubuta manhajar kwamfuta kowace shekara. Cikin matasan ƙasar nan masu wannan sana'a akwai waɗanda suka rungumi tsarin buɗaɗɗiyar manhaja: su saki aikinsu kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba, ba tare da biyan ko kwabo ba. Idan aiki ya bunƙasa, akan kafa gidauniyar da ba ta neman riba domin ta riƙe shi. A nan ne ake yawan yin sakaci da abu guda, wato sunan manhajar da tambarinta.

Hausawa sun ce suna linzami. Lasisin buɗaɗɗiyar manhaja yana halatta wa kowa kwafar aikin, amma ba ya halatta masa ya cusa ɓarna a ciki sannan ya raba da sunan masu shi. Sunan yana cikin manyan shaidun da mai amfani yake dogaro da su cewa abin da ya sauke na gaskiya ne. Mazauna Minna sun san illar satar suna, domin hukumar jarrabawa ta NECO, mai hedikwata a garin, ta sha gargaɗin jama'a kan 'yan damfara masu buɗe shafukan bogi da sunanta.

Tarihi ya ishi mai hankali. A 1994 wani mutum a Amurka ya nemi rajistar sunan Linux a matsayin nasa, daga baya ya fara neman kuɗi daga masu rarraba manhajar. Sai a 1997, bayan an kai ƙara, sunan ya koma hannun Linus Torvalds. Haka kuma a 2010, da kamfanin Oracle ya sayi kamfanin Sun, masu aikin sa kai a OpenOffice suka tarar za su iya tafiya da manhajar, amma sunan ba nasu ba ne. Dole suka kafa sabuwar gidauniya, suka soma tallata sabon suna, LibreOffice, tun daga tushe.

A Najeriya mutane da dama sun ɗauka cewa rajista da hukumar CAC ta wadatar. Ba haka doka ta tanada ba. CAC tana rajistar ƙungiya da amintattunta, alamar kasuwanci kuwa tana da nata ofishin rajista a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari, bisa dokar 1965. Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, ana sabunta ta duk bayan shekara 14, kuma ana iya soke alamar da aka bari shekara 5 ba a yi amfani da ita ba. Gyaran da aka sa wa hannu a 2023 ya fayyace cewa dokar ta shafi masu gudanar da hidima, ba masu sayar da kaya kaɗai ba.

Don haka muna kira ga masu kafa irin waɗannan gidauniyoyi da su yi rajistar alamarsu da sunan gidauniyar, kada su bar ta da sunan mutum ɗaya da gobe zai iya yin fushi ya tafi da ita. Su kuma rubuta ƙa'ida a fili kan wanda aka yarda ya yi amfani da sunan.

Su ma ma'aikatan gwamnati suna da nasu nauyin. Hukumar NITDA da jami'o'i su sanya rajistar alama cikin sharuɗɗan duk tallafin da suke bai wa masu ƙirƙira. Jami'an da ke sayo wa ma'aikatu manhaja su tabbatar ɗan kwangilar da ke tallata kansa da sunan wata gidauniya yana da izininta a rubuce. Majalisar Tarayya kuma ta sake duba dokar da aka rubuta tun kafin a san intanet.