Haushin karnuka a Faransa: ina iyakar mai sana'a, ina haƙƙin maƙwabci?

A ƙasar Faransa akwai wata sana'a da za ta ba ƴan kasuwarmu mamaki, wato gidan renon karnuka. Ma'aikaci ya kan kawo karensa da safe kafin ya wuce wurin aiki, ya biya kuɗi, a ciyar da karen, a bar shi ya yi wasa da ƴan uwansa, da marece ya zo ya ɗauki abinsa. Karnukan da ke Faransa sun haura miliyan 7, kuma da yawa daga masu su suna zaune cikin gidajen bene marasa fili. Ke nan kasuwa ce mai ciniki. To amma inda mai renon ke samun abincinsa, nan maƙwabta ke rasa barcinsu.

Halin kare ne, in ɗaya ya yi haushi sauran su amsa. Ana auna ƙarfin ƙara da wani ma'auni mai suna desibel. Hirar mutum biyu ta kan kai wajen 60, amma cikin gidan da aka tara karnuka ƙarar ta kan wuce 100. A shekarar 2009, Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Turai ta ba da shawarar kada ƙarar dare a ƙofar gidaje ta wuce 40, don kare lafiyar masu barci. Shi ya sa tsofaffi, masu jinya, masu jarirai da masu aikin dare ke kai kuka wurin magajin gari. Shi kuwa mai sana'a cewa yake ya zuba jarinsa, yana biyan haraji, ya ɗauki ma'aikata. Kowa da gaskiyarsa. To yaya ake raba su?

Hukumomin Faransa ba su hana sana'ar ba. Iyakoki suka gitta mata.

Ta farko ita ce nisa. Duk wanda zai ajiye karnuka 10 ko fiye, waɗanda suka wuce wata 4 da haihuwa, dole ya sanar da ofishin prefe. Ƙa'idar da aka kafa ranar 8 ga Disamba 2006 ta ce tilas wurin ya nisanci gidajen mutane da aƙalla mita 100. Wanda ya tsaya ga karnuka 9, wannan nisan bai hau kansa ba.

Amma bai tsira ba, don iyaka ta biyu tana jiransa, wato awo. Dokar kiwon lafiya ta ƙasar ta ce a auna ƙarar unguwa lokacin da sana'ar ke tsaye, a sake aunawa lokacin da take aiki. Bambancin kada ya wuce desibel 5 daga ƙarfe 7 na safe zuwa 10 na dare, ko desibel 3 cikin sauran dare, sai ɗan sassauci idan ƙarar ba ta daɗewa. Ma'ana, ba yawan baki ko sanayya ke yanke hukunci ba, na'ura ce.

Iyaka ta uku: wa ya tarar da wani? A nan ne labarin wani zakara mai suna Maurice ya shigo. A tsibirin Oleron da ke yammacin Faransa, wasu masu gidan hutu sun kai ƙarar maƙwabciyarsu saboda carar zakaranta da asuba. A watan Satumba na 2019 kotun Rochefort ta yi watsi da ƙarar, har ta umarce su su biya mai zakaran yuro 1.000, kusan jikka 656 ke nan na sefa. Wannan shari'a ta tada ƙura sosai, har a watan Janairu na 2021 aka kafa dokar da ta ɗauki kukan dabbobi da warin karkara a matsayin gadon ƙasa. Sannan dokar 15 ga Afrilu 2024 ta fayyace magana: wanda ya cutar da maƙwabci fiye da kima zai biya diyya ko da bai yi da gangan ba, amma wanda ya tare kusa da sana'ar da ya iske tana gudana bisa ƙa'ida, ba ya da bakin kuka, muddin damuwar ba ta ƙaru ba.

Ku lura da wannan sharaɗi na ƙarshe, don nan masu sana'a da yawa ke faɗuwa. Wanda ya fara da karnuka kaɗan, ciniki ya buɗe, ya ninka su, ya ƙara awoyin aiki, ba zai ɓuya bayan cewa shi ya riga zuwa ba. Wanda kuma ya buɗe sabon gidan reno tsakiyar tsohuwar unguwa, shi ne baƙo, nauyin yana wuyansa.

Iyaka ta huɗu ita ce sulhu. Tun 1 ga Oktoba 2023, kafin a kai irin wannan rikicin maƙwabtaka gaban alƙali, sai an fara gwada sasantawa, kuma akwai masu sulhu na hukuma da ke yin aikin kyauta. A nan ake daidaitawa kan abubuwa masu sauƙi: a rage yawan karnukan da ake fiddawa tsakar gida lokaci guda, a tsaida awoyin buɗewa da rufewa, a gina katanga mai tare ƙara, a rufe wa karnuka ganin masu wucewa tunda shi ke tada su.

Wani zai ce ina ruwanmu da karnukan Turawa? Gaskiya ne ba mu da wannan sana'a, amma muna da irin gardamar. Injin niƙa da ke tashi tun da asuba, injin wutar mai shago da ke kwana yana ruri, masu walda da masu gyaran babur a bakin garkar mutane, duka neman halal ne, duka kuma suna shiga kunnen maƙwabci. Uwargida mai shirin kafa injin niƙa, da alhajin da zai buɗe shago cikin unguwa, su ne suka fi kowa asara in rikici ya tashi, don jarin an riga an zuba shi cikin siminti da ƙarfe, ba ya ɗaukuwa a kai.

Abin da tsarin Faransa ke nunawa shi ne ƙa'ida bayyananniya tana kare mai sana'a kamar yadda take kare mai barci. Wanda ya san nisan da ake bukata da lokacin da aka yarda, zai yi lissafinsa kafin ya kashe ko dala. Kafin a sa tubalin farko, a je wurin mai unguwa, a tambayi ofishin magajin gari, a zauna da maƙwabta a tsaida lokacin tada inji da na kashe shi. Sau da yawa maƙwabcin nan shi ne mai sayenka na farko, kuma ran da wuta ta tashi a shago cikin dare, shi zai fara fitowa da bokitin ruwa.