Darasin Volapük ga Masu Ƙirƙirar Kalmomin Hausa

A shekarar 1879 wani limamin coci Bajamushe, Johann Martin Schleyer, ya fara tsara harshen da ya kira Volapük. Ya tsinto yawancin saiwoyin kalmominsa daga Ingilishi da Jamusanci, ya datse su har asalinsu ya ɓace, ya kuma ɗora wa suna ƙa'idar da ba ta da togaciya. Bayan taron Faris na 1889 saɓani ya raba magoya bayansa, harshen ya dusashe. Ra'ayina shi ne akwai izina a nan ga masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomin Hausa.

Bahaushe bai taɓa jiran kwamiti kafin ya hausantar da baƙuwar kalma ba. Ya karɓi “allo” da “littafi” daga Larabci, ya ba su jam'i: alluna, littattafai. Ya karɓi “mota” da “asibiti” daga Ingilishi, ya ce motoci da asibitoci, inda ganɗantawa ta mayar da “t” zuwa “c” kamar yadda take yi wa kalmomin gado. Manomi a Nariya bai karanta Bargery na 1934 ba, amma ba zai ce “mota ne” ba.

Jinsi ma bai tsaya ga wasalin ƙarshe kaɗai ba. Gida da ruwa da suna duk sun ƙare da “a”, kuma maza ne. Kibiya ce, Rano ma ita ce, domin sunan gari mace ne ko da wane wasali ya ƙare. Ƙa'idar tana cikin bakin jama'a.

Za a ce kimiyya na buƙatar kalmomi cikin gaggawa, ba za ta jira kasuwa ba. Haka ne, kuma littafin Hausa Metalanguage na 1990 ya yi wa fagenmu hidima babba. Sai dai jerin kalmomi tsurarsa rabin aiki ne. Malamin sakandare da aka miƙa wa sabon suna ba jinsi ba jam'i, ba zai iya gina jimla da shi ba, sai ya koma Ingilishi.

Don haka duk sunan da za a ƙirƙira ya zo da asalinsa da jinsinsa da jam'insa, a kuma gwada shi a ajujuwan Rano da Kibiya kafin a buga. Wanda ya ƙi zama a bakin ɗalibai, a sake shi.