Cuta ba ta san iyaka ba, takardar likita ce ke tsayawa a Ɗan Isa

Kowace safiya motoci na tashi daga Maraɗi zuwa Katsina, daga Damagaram zuwa Kano, ɗauke da marasa lafiya masu neman ƙwararren likita. Majinyaci yana ƙetare iyaka da katin shaidarsa. Likitan da zai duba shi kuwa, in ya tashi ƙetarewa, sai takardarsa ta zama abin tuhuma.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A 1968, a birnin Yamai, shugabannin ƙasashe masu amfani da Faransanci suka kafa hukumar CAMES, mai mazauni a Wagadugu, kuma a 1972 aka sa hannu a Lome kan yarjejeniyar amincewa da takardun juna. Shi ya sa ɗan Tawa da ya ƙware a aikin tiyata a Dakar ko Abijan yake dawowa gida da takardar DES, a karɓe shi ba gardama. Najeriya kuwa hanyarta daban ce: tana da kwalejin ƙwararrun likitoci tata tun 1979, kuma hukumarta ta MDCN tana sa wanda ya yi karatu a waje ya zauna jarrabawa kafin a ba shi izinin aiki. Ke nan Dakar ta fi Katsina kusa da Maraɗi a kan takarda, alhali harshe ɗaya ake faɗin ciwo da shi a garuruwan biyu.

Ƙungiyar lafiya ta OOAS, da CEDEAO ta kafa a 1987, ta yi aikin daidaita tsarin karatun likitanci. To amma Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, kuma gyaran da aka daɗe ana jira daga can ya ƙara nisa.

Masu adawa na cewa buɗe ƙofa zai kwashe ƴan likitocin da ƙasa ta horar da kuɗin talaka, ya kuma shigo da na jabu. Tsoron yana da tushe. Sai dai takarda ba ta taɓa riƙe likitan da albashi ya kora ba, kuma ɗan jabu ya fi jin daɗi inda hukumomi biyu ba sa tambayar juna.

Kayan aiki na nan. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tana Yamai tun 1971. Ya kamata ta zaunar da hukumomin likitocin ƙasashen biyu, su jera fannoni ɗaya bayan ɗaya, su faɗi wace takarda ce daidai da wace, su buɗe rajistar da kowane asibiti zai iya dubawa, su kuma sanar da juna sunan duk wanda aka kora daga aiki. Da haka likitan ido na Kano zai iya yin mako guda a Damagaram bisa doka, a huta da kuɗin mota da na masauki.

Ɗan kasuwa ya daɗe da sanin canjin sefa da naira. Abin kunya ne a ce hukumomi sun kasa sanin canjin takardar likita.