Kiwon kifi: abincin da ke narkewa shi ke kawo riba

A shekarun 1980 aka fara kiwon karfasa cikin keji bisa kogin Isa, a yankin Tilaberi. Har yau tsadar abinci ce babbar damuwar masu wannan sana'a. Amma ba duk abin da kifi ya haɗiye ke zama tsoka ba. Garin kifi da tunkuzar gyaɗa suna narkewa ƙwarai a cikinsa. Buntun da ke gauraye da dussar shinkafa kuwa fita yake yi, ya ɓata ruwa. Saboda haka buhu mai araha yakan jawo asara. Ya kamata ma'aikatan gandun daji su koya wa manoma tankaɗe dussa da auna girman kifi kowane wata.