Kankana Mai Siffar Fure, Baƙo Da Ƙishirwa

Shekaru da dama ke nan ina riƙe da littafin gudummawar biki da suna a zauren dattijonmu a nan Shaguwa, don haka na san abin da taro yake ci a aljihun mai gida. Cikin 'yan shekarun nan wani sabon layi ya shigo lissafin, wai "tiren kayan marmari". Ina so in faɗa wa 'yan'uwa dalilin da ya sa nake adawa da shi.

A wata walima cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Injamena yake haura digiri 40, na ga an sassaƙa kankana kamar fure, an jera abarba da gwanda hawa-hawa, an zuba inabi a saman. Tun hantsi aka yanka su. Aka hana kowa taɓawa sai mai hoto ya zo. Dattawa suna zaune da ƙishirwa, ƙuda na shagali. Da aka ba da izini bayan la'asar, gwandar ta saki, ayabar ta yi baƙi. Rabin tiren a bola ya kwana, alhali almajirai na tsaye a ƙofar gida da robobinsu.

Ku dubi tafiyar da kayan nan suka yi. Abarba da ayaba daga kudancin Kamaru ake ɗauko su, su kwana a hanya, su biyo Kuseri, su haye gadar Ngeli kafin su iso kasuwar Dembe. Tuffa da inabi kuwa daga ƙasashen nesa suke, kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Allah ya yi wa kowane ɗan itace ɓawo ya tsare shi. Da zarar wuƙa ta shiga, a zafi irin namu, sa'o'i biyu sun isa ya fara lalacewa. Garin da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, wane firji ne zai cece shi?

Iyayenmu ba su jahilci karɓar baƙo ba. Ruwan randa ne farko, sannan shayi ko karkanji, sannan faifan goro da dabinon Faya. Akwai hikima a nan: goro da dabino suna shiga aljihu. Wanda ya halarci ɗaurin aure yakan koma gida da rabon uwargida da yara, albarkar taro ta shiga gidajen da ba a gayyata ba. Wa zai sa yankakkiyar kankana a aljihun babbar riga?

Ƙannenmu mata masu wannan sana'a za su ce ado ma karramawa ne, kuma da shi suke ciyar da 'ya'yansu. Gaskiyarku ne, ban ce a bar ƙawata abinci ba. Amma adon da ya hana baƙo miƙa hannu, wayar salula aka yi wa shi, ba baƙon ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa almubazzaranci ba ya zama halal don an yi masa kwalliya. Abin da ya fi ciwo shi ne magidancin da ambaliyar 2022 ta rushe wa ɗaki, bai gama tayar da shi ba, ya zo zaure neman rance don kada a ce walimar 'yarsa ba ta da tire.

Shawarata ga masu biki ita ce: a sayi abin da lokaci ya kawo, mangwaron kudu a bazara, gwaiba a kaka. Lemo da ayaba a bar su da ɓawonsu, baƙo ya ci ko ya tafi da su. Kankana kada a fasa ta sai mutane sun zauna, a rufe ta da faifai. Abin da ya rage a raba wa maƙwabta kafin magariba, ɓawon a ba awaki. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Allah ya sa mu gyara.